QuickBooks Online Plus a hannun ɗan kwangilar gini: yana iya raba kuɗin kowane gida da na ɗan'uwansa?

Ɗan kwangilar da ke riƙe da gidaje uku a lokaci guda, ɗaya a fandisho, ɗaya a linta, ɗaya ana filasta, yawanci asusun banki ɗaya gare shi, sito ɗaya, motar ɗaukar kaya ɗaya. Kuɗin mai gidan farko sun shigo ranar Talata, ranar Laraba an sayi kwanon gida na uku da su. Buhun siminti 40 da aka sauke a Hotoro, 15 daga ciki sun koma Rijiyar Zaki saboda ana zuba kankare can kuma kaya sun yanke. Shekara ta ƙare, kuɗi sun shiga sun fita, amma a tambaye shi wane gida ya ba shi riba, wane ya cinye ribar sauran, sai dai ya yi ƙiyasi.

Maganin wannan a wurin akantoci tsohon abu ne: kowane aiki a buɗe masa shafinsa. Abu uku ake tarawa a shafin, wato kayan da suka shiga ginin, ladan waɗanda suka yi aikin, da kason da ya hau kan ginin daga kuɗin tafiyar da kamfani. Mai gidan bulo ba ya bukatar wannan, domin bulonsa duk iri ɗaya ne, ya raba kuɗin wata da yawan bulo ya huta. Mai gina wa mutane gida bisa zanen da suka kawo kuwa, kowane aikinsa da nasa fasali, dole ne kowanne ya ɗauki kayansa.

QuickBooks Online manhajar lissafi ce ta kamfanin Intuit na Amurka, a intanet take aiki, kuɗin haya ake biya wata-wata. Ɓangaren da ya shafi wannan magana shi ne wanda suka sa wa suna Projects, kuma babu shi a ƙananan matakai biyu, Simple Start da Essentials. Sai daga Plus zuwa sama. Wanda ya biya ƙaramin mataki don sauƙin kuɗi ya sayi littafin shige da fice ne kawai. Plus yana ɗaukar mutum 5 masu shiga da aiki, Advanced, matakin da ke samansa, 25.

Saitin farko, inda mafi yawa ke ɓata rawarsu da tsalle

Buɗe aiki ba shi da wuya. Ka rubuta sunan mai gini a matsayin abokin ciniki, ka buɗe aiki a ƙarƙashinsa. Idan mutum ɗaya ya ba ka gida da katanga da rijiyar burtsatse a kwangiloli daban, kowanne ka buɗe masa nasa. Amma kafin a shigar da rasit ko ɗaya, akwai maɓallai biyu a saitin kashe kuɗi da ya wajaba a kunna: wanda ke ba da damar liƙa sunan abokin ciniki a kan kowane layin kashe kuɗi, da wanda ke fito da teburin kayayyaki a takardar saye.

Na biyun nan shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Takardar kashe kuɗi a QuickBooks tana da hawa biyu. A na sama ka zaɓi rukuni kawai, ka ce kayan gini, naira miliyan 1.2. A na ƙasa ka zaɓi kaya da sunansa, ka rubuta adadi da farashin ɗaya. Akawun da ke sauri na sama yake cikewa, lissafin kuɗi kuma zai fito daidai, sai dai adadin buhuna ya ɓace. A gini kuwa adadi ne ke tona asiri. Dakin, wato rufin kankare na bene, mai faɗin murabba'in mita 100 da kaurin milimita 150 kankare ne na kubik mita 15. A haɗin 1:2:4 na siminti da yashi da tsakuwa, kowace kubik mita ɗaya tana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya na siminti mai kilo 50, jimilla wajen buhu 95. In shafin gidan ya nuna an fitar da buhu 130 a makon dakin, akwai tambayar da mai kula da wurin zai amsa. In kuwa naira kaɗai aka rubuta, za a ce ai siminti ne ya yi tsada, maganar ta mutu a nan.

Haka bulo. Mai inci 9 yana shiga kamar 10 a kowane murabba'in mita na bango, don haka bangon murabba'in mita 120 bulo 1,200 ne, a ƙara kashi 5 cikin 100 na fashewa ya zama 1,260. Duk abin da ya haura haka da yawa, ko bulon ba shi da siminti yana rugujewa a hannun lebura, ko wani yana gina ɗaki da shi a wani wuri.

Don haka kowane kaya a ƙirƙira shi sau ɗaya, a nuna wa manhajar cewa ana sayensa kuma ana cajin sa, ta yadda suna ɗaya zai fito a takardar ƙiyasi da takardar saye. Kada a wuce gona da iri. Kamfanin da ya ƙirƙiri kaya 400 har da ƙusa inci 2 da inci 3 daban-daban, cikin wata biyu akawunsa zai gaji ya koma zuba komai a rukuni ɗaya. Kaya 30 zuwa 40 sun isa: siminti, rodi bisa kaurinsa, bulo inci 9 da inci 6, yashi da tsakuwa a tipa, katako, kwano, tayil, fenti, sannan ladan kowane rukunin masu sana'a.

Akwai wani giɓi a nan da ya kamata a sani tun farko. Plus ba ya juya ma'auni. Rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ana iya sayensa a tan, amma a wurin aiki da tsawo ake ƙirga shi. Tan ɗaya na milimita 12 yana ba da kamar sanda 94 mai tsawon mita 12, na milimita 16 kuma kamar 53, in rodin ya cika kaurinsa. Manhajar ba za ta yi maka wannan lissafin ba. Ka zaɓi ma'auni ɗaya, sanda ya fi, akawu ya juya da hannunsa kafin ya shigar. In aka cakuɗa, wata rana rahoto zai nuna maka rodi 3 a gidan bene.

Abin da yake yi da kyau

Matuƙar kayan daga kasuwa suka wuce kai tsaye zuwa wurin gini, manhajar ba ta da aibu. Rasit ɗaya ana iya raba shi layi-layi, buhu 200 gidan wane, 100 gidan wane, kowane layi da sunan aikinsa. Ka buɗe shafin aikin ka ga abin da aka caji mai gini, abin da aka kashe, da abin da ya rage tsakani, har da kowane rasit da hotonsa in an ɗauka da waya. Rasit ɗin kasuwa da aka rubuta da biro a kan takardar kabon dai sai an sake buga shi da hannu, amma hoton kansa yana da amfani ranar da mai gini ya zo da ɗan'uwansa mai ilmin boko suna neman a nuna musu inda kuɗi suka shiga.

Abu na biyu shi ne cajin mai gini mataki-mataki. Ka rubuta takardar ƙiyasi guda ɗaya ta dukan aikin, sannan ka riƙa ciro takardun neman biya daga cikinta, ko bisa kaso cikin 100, ko bisa adadin da ka ga dama a kowane layi. Manhajar tana riƙe da abin da aka riga aka caja da abin da ya saura. Wannan ya dace da yadda ake biyan gini a wurinmu: in an gama fandisho, in an kai linta, in an yi rufi, in an gama filasta da tayil.

Na uku, wanda mutane ba su cika kula da shi ba, shi ne kundin da ke rubuta duk wanda ya taɓa wani abu, da ranar, da abin da yake a da kafin ya canza shi. Ba a iya kashe wannan kundin. Haɗe da rufe watan da ya wuce da kalmar sirri, rasit ɗin watan Maris ba zai kumbura a watan Yuni ba tare da an gani ba. Littafin hannu da shafin Excel duk ba su da wannan.

Sito

A nan ne manhajar ta fara ɗingishi, kuma a nan ne ɗan kwangilar Najeriya ya fi bukatarta. Wanda ya ga yadda farashin siminti ya tashi a farkon 2024, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin a watan Fabrairu aka yi maganar naira 7,000 zuwa 8,000 kan buhu, ya san dalilin da ya sa mai hali ke sayen tirela guda, buhu 600, ya zuba a sito tun kafin ya san gidan da zai ci shi.

Plus yana ƙirga kayan sito, amma da tunanin mai shago aka gina shi. Kaya ba sa zama kuɗin da aka kashe sai ranar da aka sayar da su. Kai kuwa ba sayar da siminti kake yi ba, fitar da shi kake zuwa wurin aiki. Babu takardar fitar da kaya daga sito zuwa aiki. Dabarar da masu amfani da manhajar suka daɗe da ganowa ita ce a rubuta rasit ɗin sayarwa da sunan aikin, a sa adadin buhunan, a bar farashi sifiri. Da haka buhunan za su ragu a sito, kuɗin sayensu ya hau kan gidan, ba tare da an caji mai gini komai ba. Tana aiki, amma dabara ce, kuma sai in mai sito yana cike takarda duk lokacin da mota ta fita: kwanan wata, kaya, adadi, gidan da za a kai, sa hannun direba da na wanda ya karɓa. Kayan da aka kwashe daga wani gida zuwa wani, su ma sai an rubuta musu shigarwa ta gyara, a sauke wa wannan a ɗora wa wancan. Ragowar rodi da katakon dakin da aka sake amfani da su a gida na gaba, in ba a yi haka ba, gidan farko zai fito kamar an yi asara, na biyu kamar an tsinci dami a kala, alhali duka biyun ƙarya ne.

Sannan manhajar da farashin kayan da suka riga shiga take fara caji. A ɗauka akwai buhu 100 na naira 9,000 a sito, aka ƙaro 500 a kan 10,500. Gidan da ya fara ɗiba shi zai samu na arha. A littafin akanta wannan daidai ne. Amma kada ka ɗauki wannan adadin ka yi wa sabon mai gini farashi da shi, domin buhun da za ka saya masa gobe ba a tsohon kuɗi zai zo ba.

Ladan ma'aikata

Projects yana da wurin rubuta awannin da ma'aikaci ya yi da abin da awa ɗaya ke ci. An yi shi ne don ƙasashen da ake biyan magini da awa ta cikin tsarin albashi, kuma tsarin albashin na QuickBooks ba ya aiki a Najeriya. Mu nan biya iri biyu ne, na yini da na jinga. Lebura yini yake karɓa, birkila sau da yawa bisa yawan bulon da ya ɗora, kafinta da mai ɗaurin rodi da mai tayil jinga.

Mai jinga ba matsala: a buɗe masa suna a matsayin wanda ake saye a wurinsa, a rubuta takardar bashinsa da sunan aikin, duk abin da ya karɓa a riƙa cirewa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne rubuta kuɗin somin aiki da aka ba shi a matsayin an kashe, sannan in ya gama a sake rubuta jingar gaba ɗaya. Rufin gida ɗaya sai ya fito da kuɗin rufi ɗaya da rabi.

Masu yini su ne aiki. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a buɗe wa kowane mai kula da wurin gini asusun kuɗin hannu da sunansa a cikin manhajar. In an tura masa naira 300,000 ranar Litinin, a rubuta shi a matsayin kuɗi sun tashi daga banki zuwa hannunsa, ba a kashe ba tukuna. Ranar Asabar ya kawo takardar yini, sunaye da kwanaki da abin da kowa ya karɓa, har da kuɗin ruwan 'yan garuwa da na abinci, sai a shigar da su kan gidan. Abin da ya rage a asusunsa shi ne abin da ya kamata a samu a aljihunsa. In aka tsallake wannan aka rubuta 300,000 ɗin kai tsaye kan gidan, babu wanda zai sake tambayar canji.

Takardar odar kaya ma akwai ta a Plus, amma ba ta hawa kan kuɗin aikin sai kayan sun iso an mayar da ita takardar bashi. Wato in ka ba da odar tagogi na miliyan 4 kuma ba a kawo ba, shafin gidan zai nuna maka ribar da ta fi gaskiya da miliyan 4. Duk mai duba shafin ya buɗe jerin odar da ba a cika ba a gefensa.

Kuɗin da ba na gida ɗaya ba

Hayar ofis, albashin akawu da direba, gyaran mota, man janareta, lalacewar injin kwaɓa kankare, kuɗin hayar manhajar kanta. Babu gidan da za a ce nasa ne, kuma duk daga ribar gidajen za su fito. Plus ba ya raba su da kansa. Ribar da yake nunawa a shafin aiki riba ce kafin a cire waɗannan, kuma ɗan kwangila da yawa sun ruɗu da ita.

Da hannu ake yi. A farkon shekara ka ƙiyasta kuɗin gudanarwa, a ce miliyan 12, da abin da kake sa ran kashewa kai tsaye a kan gine-gine, a ce miliyan 150. Ka raba, ya ba ka kashi 8 cikin 100. Gidan da ya ci miliyan 30 na kaya da lada zai ɗauki miliyan 2.4. Kowane ƙarshen wata akanta ya rubuta shigarwa guda: layin ɗorawa da sunan kowane gida, layin saukewa babu suna, don jimillar kamfani kada ta canza. In a ƙarshen shekara ayyukan da aka samu ba su kai miliyan 150 ba, za a ga ragowar kuɗin gudanarwa da ba a ɗora wa kowa ba, kuma wannan ragowar ita ce ke gaya maka kason da ka sa ya yi kaɗan, shekara mai zuwa sai a ƙara shi.

Kafin alƙalami da kuɗin riƙo

Ranar da mai gini ya turo kafin alƙalami, kuɗin bashi ne a wuyanka har sai ka yi aikinsu. In aka shigar da su a matsayin ciniki, shafin gidan zai nuna riba mai yawa a watan farko, sannan ta riƙa narkewa. A buɗe musu asusun bashi, a riƙa cirewa daga kowace takardar neman biya.

Ko an yi haka, akwai lissafin da manhajar ba ta yi, kuma shi ne ya fi kowanne hana ɗan kwangila cin kuɗin mutane bai sani ba. Kwangilar miliyan 50, ƙiyasin kashewa miliyan 40, an kashe 18 zuwa yau. Aiki ya kai kashi 45 cikin 100, abin da ka cancanta miliyan 22.5. In ka riga ka karɓi 30, to miliyan 7.5 na hannunka na rufi da filastar gidan ne da ba a yi ba. Wanda ya sayi fili ko ya biya Umara da su, ranar rufi zai jira kuɗin wani mai ginin. Wannan jadawalin a Excel ake yin sa kowane wata, da alƙaluman da aka ciro daga QuickBooks. Akantoci kan juya kuɗin kayan zuwa asusun aikin da bai kammala ba, wanda ya fi dacewa da ƙa'ida, amma a sani cewa da an yi haka shafin Projects zai daina nuna su a matsayin kashewa, domin asusun riba da asara kaɗai yake karantawa. Ga ƙaramin kamfani, barin su a kashewa da yin gyara a ƙarshen wata ya fi sauƙi.

Kuɗin riƙo, kashi 5 cikin 100 da hukumomi da kamfanoni kan riƙe har sai wa'adin gyaran aibu ya wuce, shi ma babu masa gurbi. A ƙirƙiri kaya mai suna riƙo, a haɗa shi da asusun kuɗin da ake bin mutane, a sa shi da alamar ragi a ƙasan kowace takarda: miliyan 10, a cire 500,000. Harajin da ake cirewa tun daga tushe shi ma asusunsa daban, a ajiye shi har takardar shaidarsa ta fito. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 kuwa ana saita shi sau ɗaya ya ci gaba da kansa.

Wa ya kamata ya biya

Hayar da dala ake lissafa ta, don haka tana tafiya da farashin canji. Babu intanet babu aiki, wanda ke nufin daga wurin gini a bayan gari sai dai a ɗauki hoto a shigar da yamma. Babu Hausa a cikinta. Kwatanta ƙiyasi da abin da aka kashe layi-layi, wanda shi ne abin da magini ya fi so ya gani, a Advanced aka ajiye shi, mai Plus sai ya fitar da rahoto biyu ya jera su da kansa.

Mai gida ɗaya a hannu, yana wurin kullum, littafi mai kyau da shafin Excel sun ishe shi, kuɗin hayar ya sayi siminti da su. Mai gida uku zuwa sama, da sito, da masu kula da wurare daban-daban, Plus ya cancanci kuɗinsa, bisa sharaɗin akwai akawu ɗaya da aikinsa ke nan, kuma akanta ya zauna ya yi saitin farko. Kada a fara da tsofaffin ayyukan da suka yi nisa, a fara da sabon gida tun daga haƙan fandisho. Kowace Asabar kuma a fitar da rahoton riba da asara bisa abokan ciniki, a duba layin ƙarshe na kuɗin da ba a liƙa wa kowa suna ba. Kuɗin gudanarwa irin su hayar ofis da albashin akawu ne kaɗai ya kamata su zauna a wurin. In an ga siminti ko ladan birkila a ciki, a nemo rasit ɗin a makon, tun direban bai manta inda ya sauke ba.